Kiɗan rashi: abin da Mdou Moctar ya ɗauka a Sakkwato da abin da muka bari a gida

Yau ku yi mini haƙuri, babu sharhin sabon fim, babu labarin wane ya mayar wa wance martani a TikTok. Maganar kiɗa ce ta daɗe tana cina, kuma sai na fara ta daga gidanmu a Dagumawa kafin ku gane inda na dosa.

A cikin kayan da Yayana ya bari akwai wata ƙaramar waya mai madannai, murfin bayanta an ɗaure da roba. Lodin yashi yake yi wa masu tifa a bakin kogin Wudil. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki a tsakiyar sanyi, shi ke nan, Allah Ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, aka nannaɗe tabarmi, gida ya yi tsit irin shirun da ban taɓa ji ba. Ranar ne Umma ta miƙo mini wayar ta ce, "Ungo, kai ka san kanta." A memorin akwai karatun Alƙur'ani, akwai wa'azi, akwai Shata, akwai Hamisu Breaker. Sai kuma wasu waƙoƙi marasa suna, lambobi kawai. Na Abzinawa ne, waɗanda mu nan muke ce wa Buzaye. Na tuna ya taɓa gaya mini wani mai shayi ne a kara ranar Juma'a ya tura masa ta Bluetooth. Jita ɗaya, tafi, da muryar mutum ɗaya can ƙasa-ƙasa. Ko kalma ɗaya ba na ji a yarensu, amma wallahi a cikin duk abin da ke wayar nan, bayan karatu, su kaɗai na iya saurara a watan farko.

A watan ne kuma na zauna kallon wani shiri mai dogon zango da nake bi kowane mako. Ba zan kama suna ba, don laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Aka zo wurin da aka yi wa jaruma rasuwa. Ta yi wasanta da kyau, hawaye na gaske. Sai ga sarewar fiyanon nan ta shigo, wadda kun san ta na san ta, wadda ake sa wa idan an saki mace, ake sa wa idan an kori yaro daga makaranta, ake sa wa idan saurayi ya ga budurwarsa a motar Alhaji. Ni da gawar ɗan'uwana ba ta yi kwana arba'in a ƙasa ba, na ji ko gezau. Na kashe na koma kan waƙoƙin mai shayi.

To me ya dawo da maganar yanzu? A watan Fabrairun 2025 Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan jihar Tawa a Nijar, ya fitar da kundi mai suna Tears of Injustice. Waƙoƙin ba sababbi ba ne, su ne dai na Funeral for Justice da ya fitar a 2024, wanda aka yi da jitar lantarki da ƙara kamar za ta fasa lasifika. Sai dai a wannan karon an cire lantarkin. Yadda aka yi kuwa: lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, Mdou da abokan kiɗansa suna zagayen wasa a Amurka. Aka rufe iyakoki, hanyar gida ta toshe, iyalansu na can su suna nan. A cikin wannan zaman jiran tsammani suka shiga wani situdiyo a Brooklyn ta birnin New York, suka zauna ɗaki ɗaya, suka sake kaɗa waƙoƙin da jitar katako da ɗan kiɗan hannu. Mu da ke wannan gefen iyaka mun san abin da rufewar ta jawo, don sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Su kuma ga abin da suka yi da nasu zullumin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin mutumin. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Sakkwato fa, tamu. Da irin fiyanonmu da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa, don a lokacin sautin Kannywood shi ne abin yayi har cikin Nijar. Waƙoƙin suka bi memori da Bluetooth suka zagaye Sahel, kamar dai yadda suka iso wayar Yayana, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince su ya sa ɗaya a tarin Music from Saharan Cellphones na kamfaninsa Sahel Sounds. Shi ne kuma ya ba da umarnin fim ɗin da Mdou ya fito a matsayin jarumi a 2015, wanda aka ɗauka a Agadas, aka gina shi a kan Purple Rain na Prince. Wato mutumin nan ya zo wajenmu ya ɗauki abin da muke da shi, ya yi amfani da shi, ya wuce gaba. Da baƙin ciki ya same shi sai ya rage kaya, ya koma mutum huɗu a ɗaki. Mu kuma har yau muna kan sarewar fiyano.

Turawa suna da suna na musamman ga irin wannan kiɗa, fassararsa kiɗan ɗaki. Makaɗa kaɗan ne, biyu zuwa biyar ko sama kaɗan, kowa da kayan kiɗansa shi kaɗai, babu mai tsayawa gaba yana ba da umarni. Kowa na sauraron ɗan'uwansa, wannan ya yi magana da tsirkiya wancan ya amsa. A 2009 Ballaké Sissoko na Mali, mai kaɗa kora mai tsirkiya 21, da Bafaranshe Vincent Ségal, mai jan babban gogen nan na Turawa da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, suka ɗauki kundi a situdiyon Salif Keita da ke Bamako, suka sa masa suna Chamber Music, ma'ana dai kiɗan ɗakin. Ku neme shi ku saurara da daddare. Mafi yawansa babu waƙa, mutum biyu ne suna hira ba da baki ba.

Su Abzinawa suna da kalma, assouf. Kewa ce, da kaɗaici, da begen wurin da mutum ya baro ko mutanen da suka tafi suka bar shi. A kanta aka gina kiɗan Tinariwen gaba ɗaya. Jagoransu Ibrahim Ag Alhabib yana ɗan yaro ƙarami aka kashe mahaifinsa a tawayen 1963 a arewacin Mali, ya tashi a gudun hijira tsakanin Aljeriya da Libiya. Da suka zo yin kundin Tassili sai suka ajiye jitar lantarki, suka kwashi kayan ɗaukar sauti suka tafi cikin hamada kusa da Djanet a kudancin Aljeriya, suka kafa tanti suka yi aikin a can. Kundin ya ci Grammy a 2012. Bombino na Agadas ma haka, an kashe abokan kiɗansa biyu a lokacin tawayen da ya ɓarke a 2007, ya tsere Burkina Faso, daga baya kundinsa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy. Idan ka saurari waɗannan mutane za ka lura ba sa cika wuri da sauti. Su bugi tsirkiya, su bar ta ta mutu da kanta, sannan su sake. Wannan ɗan sararin da ke tsakanin bugu da bugu, a nan mai sauraro yake ajiye nasa mamacin. Ni dai a nan na ajiye nawa.

Kuma wannan ne fiyano ba za ta iya ba, ko da makaɗin gwani ne. Sautin sarewar da ke cikinta an ɗauke shi sau ɗaya ne a masana'anta. Ka danna yau, ka danna baɗi, abu ɗaya zai fito. A kwamfuta kuma ana yanka ɗan gajeren kiɗa ne a yi ta maimaita shi a kan gudu ɗaya da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Mai busa sarewa na gaske numfashinsa yana ƙarewa, kana jin ya ja wani. Mai gurmi yatsansa na gogar tsirkiya, wani bugun ya fi wani ƙarfi, wani wurin ya ɗan makara. Wanda aka yi wa rasuwa haka yake magana, yana yi yana tsayawa. Shi ya sa kunne yake yarda da ɗaya ya ƙi yarda da ɗayan.

Abin haushin, ba sai mun je Agadas aro ba. A watan Yunin 2025 Ɗan Maraya Jos ya cika shekara 10 da rasuwa. Ku dubi sunan kawai. Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru a 1946, uba ya rasu, uwa ta bi baya yana jariri, maraicin ya zama sunansa har duniya ta san shi da shi. Me ya riƙe? Kuntigi, tsirkiya ɗaya, gwangwani da fata. Babu 'yan amshi, babu kalangu. Da wannan ya yi Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali, ya yi waƙar Karen Mota, ya zagaya ƙasashen duniya. Haruna Uji na Haɗeja ya yi da gurmi. Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka sun yi da kukuma. Gogenmu da imzad na matan Abzinawa, mai tsirkiya ɗaya, 'yan gida ɗaya ne, kuma UNESCO ta sa imzad cikin jerin al'adun duniya da ake karewa tun 2013. Molonmu da garaya dangin tehardent ɗinsu ne. Hatta gangarsu ta tende da turmi ake yin ta, mu kuma iyayenmu mata da turmi suke lugude. Yawancin kiɗanmu da nasu a kan muryoyi biyar yake tafiya, shi ya sa ɗan Wudil da bai taɓa ganin tudun rairayi ba zai ji jitar Agadas ya ji kamar ya san ta.

To ina aka samu matsala? Wani ɓangaren tarihi ne. A ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ta shigo situdiyoyin Kano, fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna wa kowa cewa mutum ɗaya da akwati ɗaya zai iya fitar da kiɗan da zai sayar da kaset kamar me. Ban raina wannan ba. Da ba don fiyanon nan ba da babu Nura M. Inuwa, babu Ali Jita, babu Umar M. Shareef kamar yadda muka san su, da yara da yawa ba su samu sana'a ba. Ni kaina idan aka saki Jaruma a gidan biki ba na zama. Amma abin da aka ƙirƙira don rawa da soyayya sai muka ɗora masa komai, har da mutuwa.

Ku lura da abin da ke faruwa duk lokacin da masana'antar ta yi rashi. Rabilu Musa Ibro, wanda ya yi karatu a kwalejin horon malamai ta nan Wudil, ya rasu a Disambar 2014. Saratu Giɗaɗo Daso a Afrilun 2024. El-Mu'az Birniwa a Disambar shekarar. Allah Ya jiƙansu da rahama. Kafin a share makoki waƙoƙin ta'aziyya sun cika waya, kuma na yarda da zuciya ɗaya ake yin su. Amma ka cire baitin ka bar kiɗan, wallahi da yawansu za ka iya ɗora waƙar amarya a kai babu wanda zai gane. Kalmomin na kuka, kiɗan na tafiya abinsa.

Wannan ya kawo ni ga ɓangare na biyu, wanda ya fi tsufa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana nuna cewa a wajen Bahaushe magana ce waƙa, kiɗa ɗan rakiya ne. Gaskiya ne. Mu idan aka ce waƙa ta yi daɗi, baitin ake nufi. Makaɗi ba a ma san sunansa ba sai in mawaƙi ya ambace shi a ƙarshe. Saboda haka tunanin a zauna a tsara kiɗa zalla na minti biyar, don wani yanayi, don wani mutum da ya tafi, bai zauna mana ba. Ƙari a kan haka ga kallon da ake yi wa mai riƙe da gurmi ko kukuma: maroƙi. Yaro zai ce wa iyayen budurwa shi furodusa ne a situdiyo, a saurare shi. Ya ce gurmi yake kaɗawa a ga ko za a ba shi wurin zama. Mdou ma gidansu ba su so ba, gidan masu riƙo da addini ne, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko a ɓoye. Bambancin shi ne a can jita ta zama abin alfaharin matasa, mu nan gurmi ya zama kayan tsofaffi.

Kar wani ya juya mini magana: ban ce a kai kiɗa gidan makoki ba. Zaman makokinmu addu'a ne da haƙuri, haka ya dace, haka kuma muka yi wa Yaya. Maganata a kan fim ce, inda dama kiɗan yana nan, ana sa shi kowane mako a ƙarƙashin kowace gawa ta wasa. Tunda za a sa, a sa na gaske.

Wanda yake son ganin yadda ake yi ya nemi Timbuktu na Abderrahmane Sissako, 2014, wanda aka ɗauka a Walata ta Muritaniya. Labarin makiyayi ne da saniyarsa ta shiga komar masunci a bakin ruwa, masuncin ya kashe ta, rigima ta kai ga rai. Duk ɗan Wudil ya san irin wannan labari, ga kogi ga shanu ga masu. Bayan abin ya faru darektan sai ya ja kyamara can nesa, mutanen biyu suka zama ƙanana a tsakiyar ruwa, ya bar ka kai da abin da ka gani. Amine Bouhafa, ɗan Tunusiya, shi ya tsara kiɗan fim ɗin, kuma cikin kyaututtukan César 7 da fim ɗin ya ci a Faransa a 2015 akwai ta kiɗa. An ɗauki mutum musamman, ya kalli fim ɗin, ya rubuta wa kowane wuri abin da ya dace da shi, wani wurin kuma ya bar shi shiru. A wajenmu sau da yawa mai tace hoto ne da ƙarfe biyun dare, gobe za a ɗora shiri a YouTube, ya buɗe jakar sautukan da ya gada a kwamfuta ya jawo wanda aka rubuta wa "baƙin ciki".

Na san amsar furodusa: kuɗi. Kuma ba ƙarya yake ba, wanda ke fitar da shiri kowane mako ya san kuɗin man janareta da na masauki da na jarumai. Amma a yi lissafin da kyau. Mai gurmi ɗaya, mai sarewa ɗaya, mai ƙwarya ɗaya, makirufo biyu, wuni ɗaya. Ba a ma buƙatar situdiyo mai soso a bango, ɗakin ƙasa irin na ƙauyenmu yana shanye amsa-kuwwa fiye da ɗakin siminti, in dai an yi nesa da janareta. Abin da za a ɗauka a wunin nan zai ishi zango guda, kuma mallakin mai shirin ne, babu ranar da YouTube zai aiko masa da ƙorafin haƙƙin mallaka don ya ɗauko kiɗan Indiya ko na Turkiyya. Shirin kuma zai samu sautin da da an ji shi an san nasa ne. A ganina abin da ya hana ba tsada ba ce, babu dai wanda ya fara ne, kuma a Kannywood kowa jira yake wani ya fara ya ci riba.

Mu masu kallo ma da namu. Waƙa in ba ta buga ba cikin daƙiƙa goma mun wuce ta. Mai kiɗa ya san haka, shi ya sa yake zuba komai tun daga farko.

Akwai tarko ɗaya da nake tsoro in har abin ya karɓu. Hamada haja ce a kasuwar Turawa: rawani, raƙumi, faɗuwar rana. Su kansu Abzinawan sun san da haka, kuma waƙoƙin Mdou ba na yawon buɗe ido ba ne, yana maganar Faransa da arzikin yuraniyom da ake haƙa a ƙasarsu talaka bai gani ba. In gobe mawaƙanmu suka kwasa zuwa tudun rairayin Yusufari a Yobe, suka naɗa rawanin Buzaye suna kwaikwayon jita a kan kiɗan fiyano, to an sake yin abin da aka yi da rawar Indiya ne. Su abin da ke gabansu suka kalla suka kaɗa. Mu abin da ke gabanmu daban ne. Ka tsaya a kan gadar Wudil a watan Janairu da sassafe, ruwa ya ja baya, yashi ya shimfiɗu, hazo ya rufe ɗaya gaɓar ba ka ganin ƙarshenta, masu lodi sun zama inuwa, ba ka jin komai sai shebur yana shiga yashi yana fita. Ko gonakin Dagumawa bayan an kwashe amfanin gona, kara a tsaye, iska na bi ta ciki. Wannan ma fili ne, yana da nasa shirun, kuma ban taɓa jin an yi masa kiɗa ba.

Ni ba makaɗi ba ne, ko tafi ba na iya riƙewa daidai. Amma akwai wani dattijo mai gurmi da ke zuwa kasuwa ranar Juma'a, yana bin rumfuna ana ba shi abin da ya samu. Makonni biyu da suka wuce na tare shi bayan la'asar, na ce, "Baba, don Allah in na biya ka za ka bi ni bakin kogi ka kaɗa mini, ba waƙa, kiɗan kawai?" Ya dube ni ya ce, "Yaro, wa zan wasa in babu waƙa?" Na ce babu kowa, wanda za a yi dominsa ya riga mu gidan gaskiya. Ya yi shiru, ya ce Allah Ya jiƙansa, ya ce mu je.

Muka zauna daidai inda su Yaya ke lodi. Da farko hannunsa na ta komawa kan kiɗan kasuwa mai sauri, bakinsa na motsi yana neman baiti. Can sai ya sassauta da kansa. Ya yi kusan minti takwas bai ɗago kai ba. Da ya gama ya ce rabonsa da ya kaɗa haka tun yana koyo a wajen mahaifinsa, lokacin da ake hana shi buɗe baki sai hannu ya faɗa.

Da waya na ɗauka, kuma da na koma gida na saurara iska ta cinye fiye da rabi, sai fuuu kake ji da ƙarar wata tifa da ta zo juyawa. Minti biyu da 'yan kai ne suka fita. Na sa wa Umma, ta saurara har ƙarshe ba ta ce komai ba, sannan ta ce in sake sa mata. Juma'a mai zuwa za mu koma, wani abokina ɗalibi a jami'ar Aliko Dangote ya yi alƙawarin aro mana makirufo, ya ce in zo da safa mai kauri a rufa masa saboda iska.